Mako uku a bakin iyakar Polan da Yukren

Mun tashi daga Jamus da sassafe a makon ƙarshe na watan Maris 2022, mu huɗu daga ikilisiyarmu, a mota mai kujera 9, don taimakon masu gudun hijira daga yaƙin Yukren. Da gangan aka zaɓi wannan girman. Lasin tuƙi na gama-gari a Turai, wanda suke kira ajin B, iyakarsa kujera 9 har da ta direba, da nauyin da bai haura tan 3.5 ba, in mota ta wuce haka sai an nemo mai lasin babbar mota. Takardar hayar motar ta faɗa ƙarara cewa ba a yarda a tsallaka da ita Yukren ba, inshorarta ma a bakin iyaka ta tsaya. Wanda ke zaune a Jamus da takardar zama, kamar mu biyu 'yan Najeriya da ke cikin tawagar, yana iya shiga Polan ba biza har kwana 90, amma Yukren tana da nata sharuɗɗan. Tun daga gida, ke nan, mun san aikinmu a wannan gefen yake.

Kayanmu ba su da yawa, domin faston da zai sauke mu ya riga ya ja mana kunne ta waya: kada ku kawo gwanjo, ku zo da kuɗi da hannuwanku da akwatunan tafiya masu taya. Mun tara akwati 20 a wurin 'yan ikilisiya, muka zura ƙanana cikin manya. Sai da na isa na ga amfaninsu. Mace ta fito daga gidanta da abin da ta iya kwasa a leda ko jakar cefane, ga yaro a hannu, ga tafiyar kwana biyu a gabanta. Bargo da rigar sanyi da famfas ɗin da aka ba ta duk sun zame mata nauyi muddin ba abin da za ta ja su a ciki.

Hanya ɗaya ce, A4. Ana shiga Polan ta Görlitz, a bi ta Wrocław da Katowice da Kraków da Rzeszów, wajen kilomita 670 kafin ta ƙare a mashigar Korczowa. Akwai wurin biyan kuɗin hanya tsakanin Katowice da Kraków. Mu a kusa da Jarosław muka sauka muka yi kudu, muka shiga Przemyśl bayan faɗuwar rana. Sunan garin kamar “Pshemishil” ake faɗarsa.

Gari ne mai mutum kusan 60,000 a bakin kogin San, kuma tasharsa ce ta sa ya zama ƙofa. Faɗin layin dogon Yukren milimita 1520 ne, na Polan 1435, don haka jirgin Yukren ba ya iya ratsawa cikin ƙasar. Akwai layi mai faɗi da ya shigo har tashar Przemyśl, a nan jiragen Lviv da Kyiv ke sauke mutane, a duba takardunsu, su canza jirgi. Kilomita 13 ko 14 daga nan kuma ga Medyka, inda ake tsallakowa da ƙafa. Rasha ta afka wa Yukren ranar 24 ga Fabrairu. A ranar 6 ga Maris kaɗai fiye da mutum 140,000 suka shigo Polan, kafin ƙarshen watan kuma adadin ya haura miliyan 2. A lokacin dokar Yukren ta hana maza 'yan shekara 18 zuwa 60 fita, saboda haka duk inda ka ɗaga ido mata ne da yara da tsofaffi. Wannan shi ya tsara komai na aikin, daga abin da ake saya zuwa wanda ake yarda ya shiga ɗakin kwana.

Ikilisiyar da ta karɓe mu ƙarama ce, irin waɗanda ba su cika mutum 60 ranar Lahadi ba. A Polan 'yan Furotesta ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, ƙasar Katolika ce, kuma Caritas, ƙungiyar agaji ta Katolika, da majami'un Katolika su suka ɗauki babban nauyi. Amma ƙananan ikilisiyoyin nan suna da wani abu: Yukren na da ɗaya daga cikin manyan tarayyar Baptist a Turai, mambobi sama da 100,000, kuma fastocin ɓangarorin biyu sun daɗe da sanin juna. Fasto a Kharkiv zai bugo waya ya ce ga iyali 3 na tafe, su isa su tarar an san sunayensu. A Chełm, can arewa kusa da mashigar Dorohusk, ikilisiyar Baptist ta ture bencina tun kwanakin farko ta jera gadaje a ɗakin sujada, tana kwantar da kusan mutum 200 a dare. Tamu gado 45 ta iya.

Kafin a ba mu 'yar shara mai ruwan ɗorawa ta masu aikin sa kai, sai da matar fasto ta karɓi fasfo ɗinmu ta rubuta, ta ga takardar shaidar 'yan sanda da muka zo da ita daga Jamus, muka sa hannu a kan dokokin gida. A Polan akwai rajistar masu laifin lalata, kuma doka ta ce a duba sunan duk wanda zai yi aiki da yara. Dokokin nata gajeru ne. Namiji ba ya shiga ɗakin kwana sai da mace cikin ma'aikata. Ba wanda zai keɓe da yaro. Ba ɗaukar hoton fuska. Ba ba da kuɗi daga aljihunka. Wasu baƙi kan ji zafi, su ce daga nesa muka zo don Allah kuma ana tuhumarmu. Ni dai na ga ya dace ƙwarai. Duk wanda ya ga yadda mace mai kwana uku ba barci take miƙa jaririnta ga duk mai 'yar shara ba zai yi gardama ba. A bayan rigar kowa ana rubuta harsunan da yake ji da babban alƙalami. Mutanen gabashin Yukren da yawa Rashanci suke yi a gida, don haka tafinta mai Rashanci yana da amfani sosai, amma ana fara gaisuwa da Yukreniyanci a bar mutum ya zaɓa. “Dobryi den” da “diakuiu”, wato sannu da na gode, su muka fara koya. Mace ana ce mata “pani”, tsohuwa kuma yara da manya suna kiranta “babusia”.

Satina na farko a kicin na yi shi, kuma a nan lissafi ya fi yawa. Tukunyar lita 50 tana ba da romo kwano 130 idan ana zuba milimita 350. Butar lantarki ta lita 10 kofin shayi 50 ce. Butar nan tana jan wuta kilowat 2 zuwa 2.5, layin wuta ɗaya kuwa na amfiya 16 a kan bolt 230 bai wuce kilowat 3.7 ba. Ka jona biyu a layi ɗaya, wuta ta ɗauke, kuma sau da yawa a layin ne firjin da ake ajiye insulin na masu ciwon suga yake, wanda dole ya zauna tsakanin digiri 2 da 8. Hakan ta faru sau biyu kafin wani dattijon ikilisiya mai aikin lantarki ya bi soket ɗaya bayan ɗaya ya manna takarda mai launi a kan kowanne, ya ware wa firjin layinsa shi kaɗai. Abinci mai zafi ana riƙe shi sama da digiri 63, a duba da ma'auni, abin da ya huce ya daɗe a zubar da shi komai zafin asarar.

Tukunya biyu ake ɗorawa kullum, mai nama da marar nama. Azumin 'yan Otodoks da Katolikan Girka ya fara ranar 7 ga Maris, Istarsu sai 24 ga Afrilu, mako guda bayan tamu ta 17, kuma tsofaffi da yawa ba sa taɓa nama ko madara a lokacin. Daga 2 ga Afrilu ga azumin Ramadan ya kama, akwai Tatar na Kirimiya da ɗalibai Musulmi cikin masu wucewa, romon Polan kuma kusan kullum da naman alade a ciki. Sai aka ware ludayi da tukunya, aka rubuta abin da ke ciki da haruffan da suke karantawa, a ajiye wani kaso a rufe don shan ruwa. Abin da aka fi cinyewa shi ne wanda suka sani: borsh, romon gwoza ja, da grechka, wata tsaba mai ruwan ƙasa da ake dafawa kamar shinkafa, da burodi da baƙin shayi. Wata ƙungiya ta aiko da kwalaye na abincin gwangwani mai yaji, da kyakkyawar niyya, ya yi ta zama a sito. Cikin da ya kwana biyu ba abinci ba ya son baƙon abu.

Madarar jarirai tana da nata ƙa'ida. Akwai lamba 1 ta wata 0 zuwa 6, da lamba 2 ta bayan haka, kuma ba a musanya su. Ruwan haɗawa a tafasa shi, a haɗa kafin ya sauko ƙasa da digiri 70, sannan a sanyaya kwalbar. Ba a raba ta ga kowa kamar alewa. Uwar da ke shayarwa abin da take bukata shi ne lungu mai labule da ruwan sha da abinci, domin in aka miƙa mata gwangwani a firgice takan daina shayarwa, gobe kuma ta tsinci kanta a jirgi ba ruwan zafi.

Siton kaya shi ne wurin da ya fi ba ni takaici, kuma ina so masu tara gudummawa a ikilisiyoyi su ji wannan. Gwanjo ya yi yawa har ya zama annoba. A gefen hanyar Medyka na ga tulin tufafi sun sha ruwa da dusar ƙanƙarar da ta zuba a farkon Afrilu, ba mai ɗauka. Buhu ɗaya da aka cusa komai a ciki, takalmi ƙafa ɗaya da rigar biki da maganin da ya wuce lokaci, yakan ci rabin sa'ar mutum biyu, a ƙarshe rabinsa shara. Abin da ke ƙarewa kullum kuwa ba a cika aikowa ba: sabon kamfai da safa, audugar mata, famfas lamba 4 zuwa 6, famfas na manya don tsofaffin da ba sa iya riƙe fitsari, fawa bank, cajar waya mai ƙafa biyu zagayayyu irin ta Turai, kejin kyanwa. Cajar Ingila mai ƙafa uku ba ta shiga bangon Polan. Kaya mai amfani shi ne wanda aka zuba iri ɗaya a kwali ɗaya, kwalin ayaba ya fi domin girmansa ɗaya kuma yana jeruwa, kada ya wuce kilo 15 saboda mata ne za su ɗaga, a rubuta abin da ke ciki da adadinsa a gefe biyu. Katakon jera kaya na Turai santimita 120 ne da 80, babbar tirela tana cin 33. Ƙaramar motar kaya ta tan 3.5 kuwa abin da za ta ɗauka bai fi tan 1 da ɗan kai ba, amma sai ka ga an cika ta da gwangwani da ruwan roba har rufi, taya ta fashe a hanya ko 'yan sanda su auna ta su ci tara. Kayan da za su tsallaka Yukren sai da takardar bayani mai ɗauke da irin kayan da nauyinsu da sunan mai karɓa, kuma direbobin can ne ke zuwa su ɗauka.

Kuɗi ya fi duk wannan. Yuro ɗaya a lokacin ya kai złoty 4.6 ko fiye na kuɗin Polan, manyan shagunan sari na Rzeszów a cike suke, abin da aka rasa da safe ana sayo shi kafin azahar. Sharaɗin kawai a karɓi rasit na hukuma, wanda suke kira faktura, da sunan ikilisiya da lambar harajinta, domin ma'aji zai ba da lissafi ga masu baiko. Shi ya sa nake ganin wanda ke Jos ko Kaduna yana tunanin neman biza da tikiti don ya zo kwana 5 gara ya aika kuɗin. A lokacin ma otal-otal na Przemyśl sun cika da baƙi masu taimako da 'yan jarida, kowane ɗakin da suka kama iyali guda ne ya rasa. Mu a ƙasan gidan wani ɗan ikilisiya muka shimfiɗa katifa.

A mako na biyu amai da gudawa suka shiga gidan. Yaro ɗaya ya fara da dare, kwana biyu bayan haka mutum 11 ne a kwance har da ma'aikata biyu. Irin wannan ƙwayar cutar man goge hannu ba ya kashe ta sosai, kuma mu da shi muka dogara. Wata nas daga cikin masu gudun hijirar ce ta tsaya ta gyara mana tsari: wanke hannu da sabulu da ruwa, a ware wa marasa lafiya ɗaki da banɗaki nasu, a haɗa bilic mai ƙarfin kashi 5, awo ɗaya cikin awo 50 na ruwa, a goge mariƙin ƙofa da famfo da kan masai sau uku a rana, a wanke zanen gado a digiri 60 zuwa sama, wanda ya warke kada ya koma kicin sai bayan awa 48. Ruwan gishiri da sukari shi ne dai wanda muka sani a gida, lita 1 da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin cokali na gishiri. Tushen matsalar banɗaki ne. Ƙa'idar masu aikin agaji masai 1 ga mutum 20, fili kuma murabba'in mita 3.5 ga kowa. Ginin sujada ba a yi shi don kwana ba, masai biyu gare shi, kuma a daren da jirage suka zo a jere mun karɓi mutum 60. Daga nan fasto ya tsayar da adadi a 45, duk wanda ya ƙaru a kai shi wani masauki da mota. Mayar da uwa da yara daga bakin ƙofa da ƙarfe 2 na dare yana da ciwo, amma ita ce shawarar da ta dace. Duk wanda ya ga yadda 'yan'uwanmu na ikilisiyar EYN suka cika harabar majami'u a Yola da Jos bayan Boko Haram ta kore su daga Mubi da Kwarhi a 2014 ya san wannan lissafin na masai da tabarma.

Daga baya aka tura ni tsohon kantin Tesco da ke bakin gari, wanda aka mayar babban zangon wucewa. An raba shagunan ciki ƙasa-ƙasa, ga tutar Jamus, ga ta Italiya, ga ta Sifen, mutum ya kwana a inda motar ƙasar da ya nufa za ta ɗauke shi. A kwanakin farko na yaƙin kowa na iya tsayawa a tasha da kwali a hannu ya rubuta Berlin, kujera 3. Yawancinsu mutanen kirki ne, amma hanya ce buɗaɗɗiya ga masu safarar mata. Lokacin da muka je an riga an kafa tsari: direba ya yi rajista da katin shaidarsa da lambar motarsa, a ɗaura masa alama a hannu, a rubuta waɗanda ya ɗauka da inda za shi. Abin da muke nanata wa kowace mace ta bakin tafinta shi ne kada ta ba kowa fasfonta, ta ɗauki hoton lambar motar ta tura wa wani nata, ta san adireshin da za a kai ta kafin ta shiga, in aka ce za a raba ta da 'yarta a mota biyu ta ƙi. Na ga wani mutum da ya dage sai mata biyu matasa zai ɗauka, ba ya son mai yara. Da aka ce ya zo teburin rajista sai ya ce zai dawo. Bai dawo ba. Yaron da ya zo ba iyaye, ko da kakarsa ce ko maƙwabciya ta riƙo shi, ba mu da ikon sa shi a mota; kotun Polan ce ke naɗa masa mariƙi na wucin gadi.

Tambayoyin takardu su suka fi yawa, kuma a nan baƙo makahon gari ne. Tarayyar Turai ta buɗe kariyar wucin gadi ranar 4 ga Maris. Polan ta yi tata dokar ranar 12 ga Maris: zaman wata 18 bisa doka, izinin aiki, asibiti da makaranta, złoty 300 sau ɗaya ga kowane mutum, da złoty 40 a rana ga mai masaukin da ya sauke shi. Mabuɗin duka ita ce lambar PESEL, wato lambar shaidar mutum a rajistar Polan, wadda aka fara bayarwa ranar 16 ga Maris a ofisoshin ƙananan hukumomi. A lokacin, wanda ya fita Polan fiye da wata guda yana rasa matsayinsa, kuma mutane da yawa ba su sani ba. Kuɗin Yukren, hryvnia, ya zama kamar takarda a hannun masu canji, sai daga 25 ga Maris aka fara karɓar har 10,000 ga kowane babba a wasu rassan bankin PKO. A lokacin jiragen ƙasa na Polan da na Jamus kyauta ne ga mai takardar Yukren, layin waya ma kyauta a tasha. Masu son Ingila kuwa sai da biza ta shirin masauki da aka buɗe a tsakiyar Maris, kuma jiran yakan kai makonni, don haka gadon kwana biyu ya zama na wata guda. Ƙa'idarmu ita ce kada ka faɗi abin da ba ka gani a rubuce ranar ba, domin dokokin suna canzawa mako-mako. Har agogo yana ɓatar da mutane: Yukren na gaban Polan da awa 1, wayoyi a bakin iyaka suna tsalle tsakanin biyun, sai ka ga iyali sun zo jiran jirgi a lokacin da ba shi ba.

Dokar ta 12 ga Maris ba ta haɗa da ɗaliban ƙasashen waje ba. 'Yan Afirka sun sha wuya tun a hanya, an ture wasu daga jirage da layukan iyaka har Tarayyar Afirka ta yi magana a ƙarshen Fabrairu, kuma a farkon Maris an sami 'yan tsagera suna bin baƙi masu duhun fata a titunan Przemyśl sai da 'yan sanda suka shiga. Gwamnatin Najeriya ta kwashe ɗalibai da jiragen Max Air da Air Peace daga Polan da Romaniya da Hangari. Waɗanda suka rage, galibi 'yan ajin ƙarshe na likitanci da ba su so shekara biyar ta tafi a banza, kwana 15 kawai Polan ta ba su. Jamus a lokacin ta yarda su zauna ba takarda zuwa 23 ga Mayu, daga baya ta ƙara wa'adin. Su muke haɗawa da lauyoyin sa kai da ikilisiyoyin 'yan Afirka a can. Iyalan Roma, wata ƙabila marar rinjaye a Turai, ma haka, sau da yawa masu masauki na ƙin su, kuma ikilisiyar ta sa doka cewa layi ɗaya ne ga kowa.

Sai maganar bishara, wadda ita ce ta kawo da yawa daga cikinmu. Na ga masu wa'azi a bakin ƙofar Medyka suna cusa ƙasidu a hannun matan da ko ajiye jaka ba su yi ba, na ga ƙasidun a ƙasa taku goma gaba. Raina ya ɓaci, domin sunan Ubangijinmu ne ake takawa. Yawancin mutanen nan Kirista ne tun kaka da kakanni, 'yan Otodoks ko Katolikan Girka, kuma a Przemyśl ɗin ma akwai babbar majami'ar Katolikan Girka da Gidan Yukren da ke karɓarsu. Tsarin fasto shi ne abinci da gado ba su da sharaɗi. Akwai tebur a gefe da Sabon Alkawari da littattafan yara cikin harsuna biyu, mai so ya ɗauka. Da ƙarfe 7 na yamma ana addu'a a ƙaramin ɗaki, ana sanarwa sau ɗaya. Wanda ya nemi firist na cocinsa a kira masa. Kuma ɗakin yakan cika. Ranar 8 ga Afrilu, da labarin harin da aka kai tashar jirgin ƙasa ta Kramatorsk a gabashin Yukren ya shigo wayoyi, mata suka tsaya har bakin ƙofa, wata babusia ta ja Addu'ar Ubangiji da harshenta kowa ya bi da nasa.

Akwai abubuwan da ba a tambaya. Ba a cewa ina mijinki, ba a cewa me kika gani, ba a cewa komai zai yi daidai. A zauna kusa, a kawo shayi, in ta fara magana a saurara. Wayoyinsu na ɗauke da manhajar jiniyar gargaɗin hari ta garuruwansu, don haka da tsakar dare sai jiniyar Kharkiv ta tashi a ɗakin kwana a Polan, uwa ta zauna a bakin gado tana jiran saƙo daga can. Ba ma cewa a kashe, sai dai a roƙa a rage ƙara. An hana balam-balam a ɗakin yara bayan ɗaya ta fashe wani yaro ɗan shekara 5 ya shige ƙarƙashin tebur ya ƙi fitowa. Ma'aikata kuma awa 8 ne, da hutun yini guda a mako, dole. Mai yin awa 16 don ƙwazo a rana ta huɗu shi ke yi wa mutane tsawa, ko ya yi gyangyaɗi a kan sitiyari.

Kafin mu taso, bayan sojojin Rasha sun janye daga kewayen Kyiv, layin masu komawa gida a tashar ya fara tsawo, buƙata kuma ta soma juyawa daga gadon dare ɗaya zuwa gidan haya da aiki da makarantar yara. Biyu daga cikinmu suka ƙara mako guda. Ni da ɗan'uwa ɗaya muka ɗauko mutum 7, iyali biyu da wata ikilisiya a Jamus ta riga ta tanadar wa ɗakuna, da sunan mai karɓa da adireshi a rubuce a hannun kowace uwa. Yara 3 ba su kai santimita 150 ba, don haka sai da muka aro kujerun yara, haka doka ta ce a ƙasashen biyu. Muna canjin tuƙi duk awa 2, muna tura wa matar fasto inda muke a kowane zango, da ledojin amai da ruwa a ƙarƙashin kujera. Littafin kicin na bar shi a hannun wata 'yar'uwa da ta iso daga Holan a daren, da adadin tukwane da lambar mai sayar da burodi da zanen layukan wuta a shafin farko. Mun wuce Görlitz da la'asar, yaran duk suna barci.